Yadda Na Yi Wa Baba Tafinta a Indiya

Tun da na dawo ba a bar ni na huta a ɗakin malamai ba. Da na ajiye jaka sai a kewaye ni. Kin ga 'yan fim? Da gaske ne ko a kan titi waƙa suke yi? Ina zanen sarin da kika ce za ki kawo? Ban ga laifin kowa ba, ni na jawo wa kaina. Duk wanda ya san ni a Ikara ya san ni da littattafan soyayya. Tun ina budurwa nake hayarsu a kasuwa, kuma a rabinsu sai an kai ango da amarya Indiya sun zaga cikin furanni. Na sha rantsuwa cewa kafin in mutu sai na taka ƙasar nan. To, na taka. Zan rubuta yadda aka yi sau ɗaya kowa ya karanta, domin bakina ya gaji, kuma wani abin ba ya faɗuwa ido cikin ido.

Mahaifina shi ne limamin masallacin unguwarmu a Ɗandamisa tun kafin a haife ni. Bara fitsari ya fara yi masa gardama, har wata rana ya ƙi fita gaba ɗaya. Aka ɗauke shi zuwa asibiti a Maƙarfi, aka sa masa roba, aka ɗaura masa jakar da fitsarin ke taruwa a ƙafa. Daga ranar bai sake jan salla ba. Ya ce mai ɗauke da najasa a jikinsa ba zai tsaya gaban masu tsarki ba. Na'ibinsa Malam Idi, wanda a hannun Baba ya yi karatu, ya ci gaba da limanci, shi kuwa Baba ya koma yin sallarsa a zaure shi kaɗai, yana jin kabbarar wani ta lasifika.

Likitocin Zariya suka ce wata tsoka ce da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, furostet suke ce mata, ta kumbura ta matse hanya. Saboda zuciyarsa ba su so a yanka shi ba, suka ba da shawarar aikin leza, wato a zura wani siririn haske ta hanyar fitsarin a cire abin da ya toshe, ba tare da wuƙa ba. Ƙanena Kabiru da ke aiki a Abuja, da tsofaffin ɗaliban Baba, su suka haɗa hanyar Indiya. Da aka gaya wa Baba, tambaya ɗaya ya yi.

"In an yi, zan koma gaban sahu?"

Kabiru ya ce, "In sha Allahu, Baba."

"To, a je."

Bai tambayi nisa ba, bai tambayi ko da ciwo ba. Limancin nan shi ya ɗaga shi daga Ɗandamisa, ba wani abu ba.

Da Kabiru aka shirya tafiyar, ni an sa sunana ne kawai don ko ta-kwana. Sai biza ta fito mini, tasa ta maƙale. Ga shi ni ce 'yar fari. Ku da kuka tashi a birni kuna wasa da iyayenku ba lallai ku gane nauyin wannan ba. Tun da aka yaye ni aka kai ni Kudan wurin kakata, a can na girma. Baba bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba, bai taɓa duban fuskata ya yi mini magana ba. In ina wurin yana son abu, sai ya dubi gefe ya ce, "A kawo buta." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ni ma da ita na tashi. Da Inna ta ji cewa ni ce mai rakiya, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ke da shi? To wa zai yi wa wani magana?"

Mun tashi da safe a motar haya daga Maƙarfi. Lokacin saran rake ne, manyan motoci sun cika Tashar Yari maƙil, mu kuma muna bin bayansu a hankali. Duk ramin da muka faɗa sai robar ta motsa masa. Bai yi nishi ba ko sau ɗaya, ni dai daga baya ina ganin carbinsa yana ƙara gudu, sai in ce wa direba ya rage.

A filin jirgin Kano wani matashin jami'i ya shafa shi daga kafaɗa zuwa ƙasa, hannunsa ya tsaya a ƙwauri.

"Baba, mene ne wannan?"

Baba ya dubi sama. Mutane na bayanmu suna jira. Na matsa na ce a hankali, "Marar lafiya ne." Yaron ya ɗauke hannu kamar ya taɓa wuta, ya ce, "Subhanallahi. A yafe ni, Baba. Allah ya ba da lafiya." Baba ya ce amin bai dube shi ba, bai dube ni ba.

Shekara da shekaru nake mafarkin ranar da zan zauna kusa da tagar jirgi in ga gajimare a ƙarƙashina. Na samu tagar, amma idona na kan gefen rigarsa, ina auna ko jakar ta cika. Can sai na ji ya ce wa bayan kujerar da ke gabansa, "Ko ina makewayin wannan abu yake?" Na raka shi har ƙofa, na nuna masa yadda ake kullewa, na juya baya. Mun sauka Habasha muka canja jirgi, cikin wani sanyin na'ura mai shiga ƙashi. Na cire mayafina na biyu na ajiye a kujerar da ke tsakaninmu ban ce komai ba. Bayan ɗan lokaci na ga ya rufe gwiwoyinsa da shi.

A Delhi aka buɗe jakarmu. Matan unguwa sun cika ta da kuka da daddawa da dambun nama, dangin Kudan kuma suka aiko da mazarƙwaila. Dambun aka fara ɗaukewa, wai ba a shiga da nama. Daddawa kuwa mai binciken ya sunsuna ya ja da baya, ya kira abokinsa shi ma ya sunsuna. Da suka zo kan mazarƙwaila, faifai-faifai, ja-ja, a naɗe cikin takarda, na ce a raina shi ke nan za a ce ƙwaya muka shigo da ita. Sai mutumin ya gutsura ya jefa a baki ya fashe da dariya. Ashe su ma suna yin ta, daga rake, iri ɗaya sak. Ya kaɗa kai gefe da gefe. Na tsaya ina jira, na ɗauka hanawa ce. Sai da ya tura mini jakar da hannunsa na gane cewa a wurinsu wannan kaɗa kan shi ne "to".

Furannin da na zo nema ban gan su ba. Hayaƙi na gani, mai sa ido ruwa, da Keke Napep kamar a Kano, da ƙarar oda wadda ba ta tsayawa. Shanu na kwance a tsakiyar titi, ba makiyayi, ba mai cewa su tashi. Baba ya daɗe yana kallonsu ta taga, sannan ya ce wa gilashin, "Ko na waye."

Masaukinmu wani dogon gida ne kusa da asibitin, duk majinyata ne daga ƙasashe da masu jinyarsu. Ɗaki biyu muka kama, ƙofa na kallon ƙofa. Banɗakinsu da bokiti da moɗa kamar na gida, wannan ya kwantar wa Baba da rai. Abincin ne ya gagare shi: wani ƙanƙanin wake da ake dafawa ya narke, da gurasa siririya kamar takarda, da yaji iri-iri har ba ka san abin da kake ci ba. Sai na koma tuƙa masa tuwon garin shinkafa a kicin ɗin da kowa ke amfani da shi. Ranar da na jefa daddawa a miya wata Balarabiya ta buɗe duk tagogi.

Ƙamshin daddawar nan ne ya jawo mana Hajiya Rabi. Ta leƙo ta ce, "Salamu alaikum, wace 'yar gida ce a nan?" Na kusa rungume ta. Mijinta, Alhaji Sabo, ɗan kasuwa ne daga Kano, an riga an yi masa irin aikin da za a yi wa Baba, suna jiran a sallame su. Da jin cewa Baba Bazazzagi ne sai ya tafa hannu.

"Allahu akbar! Har nan ma sai da bawana ya biyo ni? Malam, kawo gaisuwa, ubangidanka ne."

Baba ya ce, "Bakano ai ko a lahira aka gan shi talla ya kai. Me ka kawo sayarwa?"

"Mafitsara na kawo gyara, kamar kai."

Na tashi da sauri na koma kicin.

Likitan ba irin na littafi ba ne. Gajere ne mai sanƙo, kullum cikin sauri, amma yana da kirki. Turanci yake yi, ni kuma aikina in mayar da Hausa. Ya tambayi sau nawa Baba ke tashi kafin a sa roba, ko da zafi, ko da jini, da wasu tambayoyin da ba zan rubuta ba. Na sunkuyar da kai ina nemo kalmomin da suka fi sutura. Baba kuwa bango yake kallo, kowace tambaya amsarta ɗaya: "Alhamdu lillahi." Likita ya dube ni ya dube shi, ya ce, "Ba mahaifinki ba ne? Me ya sa ba ya kallonki? Kun yi faɗa?" Na ce a'a, girmamawa ce. Ya kaɗa kai irin nasu, ban san ko ya gane ba.

Aikin kansa bai daɗe ba. Allura aka yi masa a baya, rabin jikinsa ya mutu, idonsa biyu. Da aka fito da shi ba ɗinki ba bandeji, sai roba da ruwan da ake ɗura masa yana fitowa ja. A barandar da nake jira na ga wasu tsofaffi mata da miji, Indiyawa. Yana tafe a hankali, ita tana riƙe da jakar fitsarinsa a hannu kamar jakar zuwa biki. Sai ta ɗaga ta saitin haske ta duba launin, ta hau shi da faɗa, shi kuma yana murmushi. Na karanta littafi ya fi a ƙirga, an ba da zobe, an ba da mota, an yi kuka a bakin teku, amma ba a taɓa rubuta mini wannan ba. Na tuna Inna, wadda har yau ba ta cin abinci a gaban Baba. Ban ce tasu ta fi tamu ba. Na dai zauna ina kallonsu har suka sha kwana.

Ranar da aka cire robar ita ce rana mafi daɗi a tafiyar. Baba ya shiga banɗaki shi kaɗai, ya fito fuskarsa kamar an wanke, ya yi sujada a kan tayil. Kafin a sallame mu likita ya zaunar da mu. Ya ce a sha ruwa sosai domin ya wanke jinin da ke ciki. Kada a ɗauki kaya mai nauyi, kada a hau babur. Duk na faɗa. Sannan ya ce fitsari zai riƙa ɗiga ba da saninsa ba, wannan ba lalacewar aiki ba ce, kusan kowa na yi, yana raguwa a hankali. Ya ce a sa ƙunzugu irin na manya, kuma akwai wani motsa jiki da ake yi don ƙofar ta yi ƙarfi. Na fara fassarawa.

"Ya ce wai za a riƙa ganin ɗan..."

Baba ya ɗaga hannu. "An ji."

"Baba, ya ce..."

"An ji. A yi masa godiya."

Ya miƙe. Nas ta ba ni ƙunshin ƙunzugun, na kai ɗakinsa na ajiye a gefen gado lokacin da yake salla.

Washegari na kai masa shayi, ya ce wa ƙofa, "Ana azumi." Na ɗauka na godiya ne ga Allah, wa zai hana? Kashegari ma haka. Na ce a ƙalla in an sha ruwa zai rama. Amma da magariba sai ya kurɓi abin da bai kai rabin kofi ba ya ture. Gorar ruwan da nake ajiye masa yadda na bar ta haka nake samun ta. Na lura kuma ya daina ba ni wanki. Wata rana da na shiga shara na ga wandunansa a shanye a bayan ƙofar banɗaki, shi ya wanke su da hannunsa. Ƙunshin nan kuwa ko buɗe shi bai yi ba, ya ɗora littattafansa a kai.

Na gane abin da ke faruwa. Yana ganin ɗigar, ba wanda ya gaya masa za ta wuce, ya ɗauka aikin ne bai yi ba. Sai ya yi lissafinsa irin na mai son alwala ta zauna: in ba a sha ba, ba abin da zai fita. Na tsaya a ƙofarsa sau da yawa da maganar a bakina. Iyakar abin da ke fita shi ne, "Likita ya ce a sha ruwa." Shi kuma ya ce, "Madalla."

Wata rana da hantsi na ji an ƙwanƙwasa ƙofata, abin da bai taɓa yi ba. Yana tsaye a duƙe, ya dafa bango, gumi na zuba daga gemunsa. Ya ce, "A kira Bakanon nan."

Alhaji Sabo da mai gadin gidan suka sa shi a Keke Napep. Jini ne ya daskare guda-guda ya toshe hanya, mafitsara ta cika ta kasa fitarwa. Aka mayar da robar da muka yi murnar rabuwa da ita, aka shiga wanke ciki. Ina daga waje ina jin salatinsa. Likita ya fito ransa a ɓace, ya ce, "Ban ce ya sha ruwa ba? Azumi? Bayan aiki? Ke ba ki gaya masa ba?" Na ce na gaya masa rabi. Ya ce, "Rabi kuma?" Na rasa Turancin da zan yi masa bayani da shi, sai hawaye.

Hajiya Rabi ce ta ja ni gefe ta zaunar. Na kwashe komai na gaya mata. Ta ce, "Ke ma dai, ai sai ki zo tun farko. Abin da 'ya ba za ta faɗa wa uba ba, abokin wasa zai faɗa." Haka aka shirya. Likita ya gaya mini, ni in gaya wa Hajiya, Hajiya ta gaya wa Alhaji, Alhaji ya shiga wurin Baba. Magana ɗaya sai ta bi ta baki uku kafin ta isa gadon da ke bayan labule, ni kuwa ina zaune daga wajen labulen, kaina a ƙasa, ina ji.

"Kai Bazazzagi, duk karatun nan naka, shan ruwa ne ya gagare ka?"

Baba ya yi wata magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗiga? To wa ba ya ɗiga? Ni nan da kake gani da shadda mai maiƙo, ƙunzugu ne a jikina kamar ɗan goye. Hajiya ke sayo mini, har tana zaɓen mai kyau. Taɓa ka ji."

"A'uzu billahi. Matsa can."

"Motsa jikin kuwa ba wuya. Ka san in mutum yana tsakiyar sahu, iska ta taso masa, ga surukinsa a gefe? Yadda zai matse ɗin nan? To haka za ka riƙa yi, ka matse ka saki, safe da rana da yamma. Kai da kake liman ai ka fi ni sanin wannan."

Sai na ji Baba ya yi dariya. Gajeriya ce, har da tari, amma dariya ce. Ban taɓa jin ta kusa haka ba. Na toshe baki da mayafi.

Daga baya ya yi tambaya, ta biyo hanya ta dawo: zuwa yaushe ɗigar za ta tsaya? Na kai wa likita. Ya ce wani makonni, wani watanni, akwai kuma ƙalilan da ba ta barin su gaba ɗaya, ba zai yi alkawari ba. Na faɗa wa Hajiya yadda ya faɗa, ban rage ba. Da yamma na ga Baba ya shanye gora guda, har ya nemi tuwo. Na tambayi Hajiya me Alhaji ya ce masa.

"Ya ce da kun sauka gida shi ke nan, ta ɗauke."

"Hajiya, ai ba haka likita ya ce ba."

"Na sani. Ke dai bar tsoho ya sha ruwa."

Ko da na so gyarawa, ta wace hanya? Ba da daɗewa ba aka sallame su. Alhaji ya rungume Baba a bakin ƙofa ya ce, "In ka koma ka sa ni a addu'a, bawana." Bayan tafiyarsu gidan ya koma shiru, muka koma "a kawo" da "an ji". Amma yana shan ruwa, ƙunshin kuma ya fara raguwa. Aka sake cire roba, fitsari ya washe daga ja zuwa ruwan shayi, daga nan ya koma fari. Wasu masu jinya suka haɗa mota zuwa kallon farin ginin nan da wani sarki ya gina wa matarsa, wanda na daɗe ina ganin hotonsa a bangon littafi. Suka ce in zo. Ban je ba. Ba zan iya barin sa wuni guda ba wanda zai ji "a kawo" ɗinsa.

Dawowa ta fi tafiya sauƙi, tunda ba jaka a ƙafa. Kabiru ya tarye mu a Kano. A hanya, bayan mun wuce Kwanar Ɗangora, na ce masa cikin Turanci likita ya ce a huta, kada a yi gaggawar komawa masallaci. Kabiru ya juya ya faɗa da Hausa. Baba ya ce, "Ai an sauka gida."

Mun isa Ɗandamisa bayan la'asar. Zaure ya cika, har waje an shimfiɗa tabarmi. Daga cikin gida muna jin gaisuwa ba ta yankewa. Kabiru ya ce Malam Idi ya durƙusa a gaban Baba ya ce, "Malam, ga amanarka na dawo maka da ita. Wallahi ta yi mini nauyi." Mutane suka yi ta kabbara. Baba ya shigo ya yi wanka, ya sa farar rigarsa, Inna ta turara masa rawani.

Aka kira magariba. Ni da Inna muna tsakar gida, ta shimfiɗa sallaya amma ba ta tayar ba, ta tsaya da hannu a ƙirji tana saurare. Aka yi iƙama. Sai muryar Baba ta fito ta lasifika, ta ɗan dushe amma ita ce. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," hawaye na bin kumatunta. Ya karanta Fatiha, aka amsa amin har ƙasa ta ɗauka. Ya yi raka'ar farko lafiya. Aka yi sujada, aka ɗago zuwa ta biyu, ya kama Fatiha. Yana tsakiyar aya muryar ta yanke.

Lasifika ta yi ta huci ba magana. Sannan muka ji motsin tufafi, sai muryar Malam Idi ta ɗauka daga inda aka tsaya, tana rawa.

Can sai ga Baba ya shigo, rawani a karkace, ya kama hancinsa da hannu. Haka ake koya wa limamai: in alwala ta warware a cikin salla, ka jawo na bayanka, ka fita riƙe da hanci, don mutane su ɗauka haɓo ne. Shi ya koya wa Malam Idi wannan. Ya ratsa sahu, ya ratsa zaure, ya iso tsakar gidansa inda ba kowa sai matarsa da 'yarsa, bai saki hancin ba.

Inna ta dube shi, ta share fuska da gefen zane.

"Malam, haɓo ne?"

"Haɓo ne."

"Sannu. Bari in kawo ruwa."

Bayan isha'i mutane suka fara shigowa zaure ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ga ɗigon jini a rigarsa, kuma ba wanda bai san abin da ya kai shi Indiya ba. Amma kowa ya durƙusa sai ya ce, "Ya haɓon, Malam? Zafin hanya ne. Allah ya sawwaƙe." Wani tsoho har da kawo maganin haɓo a ƙulle cikin leda. Baba ya karɓa ya yi godiya.

Yanzu damina ta shigo. Kabiru na kiran likita a waya, ya gaya mini ɗigar ta ragu, kuma likita na cewa a ci gaba da haƙuri, da sauran lokaci. Baba bai koma yin salla a zaure ba. Yana zuwa masallaci, yana tsayawa a ƙarshen sahun farko, dab da ƙofa. In na je Ɗandamisa ran Asabar mata na tare ni a hanya su ce, "Ya haɓon Liman?" In ce da sauƙi.

Mai sauraro daga cikin gida zai lura cewa in an gama iƙama a masallacinmu, akan ɗan yi shiru kafin kabbara. Na tambayi Kabiru dalili. Ya ce Malam Idi ne. Kowace salla, sau biyar a rana, ba ya shiga gaba sai ya juyo ya dubi Baba ya jira. Baba kuma ya duba ƙasa, ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bismilla, Idi."